Turanci ko Guduma: Tarihin Shirya Matasa Domin Aiki a Ƙasar Ghana

A tsakiyar ƙarni na 19, a ƙasar da Turawa ke kira Gold Coast, wato Ghana ta yau, makarantu iri biyu ne ke neman 'ya'yan mutane. A Cape Coast, 'yan mishan na Methodist, waɗanda suka sauka daga Ingila a 1835, da Turanci suke koyarwa tun daga ajin farko. A Osu kuwa, kusa da Accra, garin da Hausawa ke ce wa Ankara, da kuma Akropong a bisa duwatsun Akuapem, 'yan mishan na Basel, mutanen Siwizalan da kudancin Jamus, suna koyarwa da harsunan ƙasa, Ga da Twi, sannan su miƙa wa yaro zarto da guduma da fartanya. Kowane ɓangare yana ganin shi ne ke shirya yaro domin zaman duniya. Tun daga wannan lokaci kusan duk gwamnatin da ta mulki ƙasar ta goyi bayan guduma a bakinta, su kuwa iyaye da 'ya'yansu suka bi Turanci da ƙafafunsu.

Mutanen Basel sun sha wuya kafin su kafu. Mutum huɗu na farko da suka iso a ƙarshen 1828 duk zazzaɓi ya cinye su cikin 'yan shekaru. Sai da Andreas Riis ya hau tudun Akropong a 1835, aka kuma kawo musu Kiristoci baƙaƙen fata daga Jamaika a 1843, sannan aikin ya tsaya da ƙafarsa. A 1848 suka buɗe makarantar horon malamai a Akropong. Wani masaninsu, Johann Christaller, ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Twi a 1871, ya fitar da ƙamus na harshen a 1881, wanda masana ke amfani da shi har yau. A Osu suka kafa ma'aikatu inda ake koyon kafinta da ƙira da gyaran makulli da ƙera ƙafar amalanke da ɗinkin takalma da ɗaurin littafi. Yaran da suka fito daga nan sun yi suna, har ana ɗaukarsu aiki a garuruwan gaɓar teku zuwa Kamaru da Kwango. Ɗaya daga cikin waɗanda mutanen Basel suka horar shi ne Tetteh Quarshie, maƙeri, wanda ya tafi aiki tsibirin Fernando Po, ya komo wajen 1879 da 'ya'yan koko ya shuka a Mampong ta Akuapem. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gold Coast fitar da koko a duniya.

Da wannan tarihi, sai mutum ya zaci iyaye za su yi ta rububin kai 'ya'yansu ma'aikatun Osu. Ba haka aka yi ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. A 1874 Ingila ta mayar da yankin gaɓar teku ƙasar mallakarta, a 1877 ta ɗauke hedikwata daga Cape Coast zuwa Accra. Gwamnati na bukatar akawu da tafinta da malamin kwastan da ma'aikacin gidan waya. Kamfanonin Turawa masu sayen manja, daga baya kuma koko, suna bukatar mai riƙe littafin lissafi da mai rubuta wasiƙa. Duk waɗannan guraben ƙofa ɗaya ake bi a shige su, ita ce karatu da rubutu da Turanci. Akawu yana zaune a inuwa, albashinsa na zuwa ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in na gwamnati ne ma yana sa ran fansho. Maƙeri kuwa sai an kawo masa aiki. Uban da ya dubi waɗannan mutum biyu ba ya bukatar wani ya yi masa bayani. Dokokin ilimi na 1882 da 1887 sun ambaci makarantun sana'a, amma tallafin kuɗin da suka tanada ya rataya ne a kan yadda yara suka iya karatu da rubutun Turanci da lissafi. Ko mutanen Basel ma dole suka ƙara Turanci a manyan azuzuwansu, domin in ba su yi ba yaran sai su sulale zuwa makarantun Methodist.

Turawan mulki ba su ji daɗin abin da suka shuka ba. Rahotanninsu cike suke da kukan cewa makarantu na fitar da samari masu kwat da laƙƙaya Turanci, masu ƙyamar aikin hannu, waɗanda suka fi guraben ofis yawa. A 1909 aka buɗe makarantar fasaha ta gwamnati a Accra. Amma mutumin da ya ɗauki maganar da gaske shi ne Gwamna Gordon Guggisberg, injiniyan soja kuma masanin safiyo, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. Shi ya gina asibitin Korle Bu da tashar jiragen ruwa ta Takoradi, don haka ya san ƙarancin magina da kafintoci da makanikai a aikace. A zamaninsa ne ayarin Phelps-Stokes daga Amurka, ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, ya zagaya Afirka a 1920 da 1921, yana tallata irin ilimin da ake ba baƙaƙen fatar kudancin Amurka a makarantun Hampton da Tuskegee, wato noma da sana'a da tsabta da ladabi. A cikin ayarin akwai ɗan ƙasa, James Kwegyir Aggrey, haifaffen Anomabo, wanda ya daɗe yana karatu da koyarwa a Amurka. A 1922 Guggisberg ya buɗe ƙananan makarantun sana'a huɗu, a Asuansi da Kibi da Mampong ta Asante da Yendi, ana tafiyar da su bisa tsarin 'yan sikawut. A 1925 ya bayyana ƙa'idojinsa goma sha shida na ilimi, ciki har da koyarwa da harshen uwa a farkon firamare da samar da makarantun sana'a. A 1927 aka buɗe Kwalejin Achimota, Alexander Fraser na shugabanta, Aggrey na mataimaka masa.

'Yan bokon ƙasar, lauyoyi da 'yan jarida na Cape Coast da Accra, sun karɓi wannan da zargi. Tun a taron da J. E. Casely Hayford da abokansa suka kira a Accra a 1920 jami'a suka nema wa Afirka ta Yamma. A ganinsu, Baturen da ya yi karatun Latin a ƙasarsu ya zo ya hau kujerar mulki, in ya ce wa baƙar fata guduma ta fi dacewa da shi, to so yake ya dawwamar da shi a ƙasa. Zargin ba na banza ba ne, domin manyan muƙamai a lokacin kusan duk a hannun Turawa suke, kuma babu wanda ya taɓa hawa su ta hanyar kafinta. Achimota ta koyar da noma da saƙa da sassaƙa da kiɗan gargajiya, amma abin da ya sa iyaye ke sayar da buhunan koko su biya kuɗinta shi ne jarrabawar Cambridge. Su kuwa makarantun sana'a na Guggisberg, karyewar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930 ta rage musu ƙarfi tun ba su yi nisa ba.

Duk wannan labarin kudu ne. Arewacin ƙasar Turawa sun ɗauke shi a matsayin rumbun leburori, inda ake ɗebo masu haƙar zinariya da masu aikin gonakin koko da sojoji da 'yan sanda. An buɗe makarantar gwamnati a Tamale a 1909, amma yankin bai sami sakandare ba sai a 1951. A nan ne kuma Hausawa suka shigo cikin labarin, ta ƙofa biyu. Ta farko fataucin goro, wanda ya kai su Gwanja da kasuwar Salaga tun kafin zuwan Turawa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Accra, zanguna suka yi ta girma. Ta biyu aikin soja, domin tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Ingila ke amfani da rundunar da ake kira ta Hausawa, har Hausa ta zama harshen bariki, ko da yake da yawa daga sojojin ba Hausawa ba ne a jini.

Saboda haka yaron zango yana da tasa hanyar shiga duniya wadda ba ta bi ta Turanci ba. Zai yi makarantar allo, in yana da rabo ya zarce karatun littattafai a gaban malamai irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Sannan a haɗa shi da maigida ya koyi fatauci ko dillancin shanu ko fawa ko ɗinki, daga baya kuma tuƙin mota. Da Hausa zai yi ciniki daga Accra har Bawku, da ajami zai rubuta bashinsa. Makarantar boko kuwa a hannun 'yan mishan take, uba na tsoron ya kai Musa a komo masa da Moses. 'Yan Ahmadiyya sun buɗe makarantun Turanci, har da sakandare a Kumasi a 1950, amma saɓanin aƙida ya sa yawancin malaman zango suka nisance su. Wannan tsari ya ciyar da mutane shekaru da dama. Ranar da ya fara gazawa ita ce ranar da takarda ta zama sharaɗin komai, daga aikin masinja har zaman ƙasa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar izini mako biyu su fice, dubban mazauna zanguna suka kwashe kayansu, wasu ma a nan aka haife su. Waɗanda suka saura sun ga abin da rashin ɗan boko a gida ke jawowa. Makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci suka fara yawaita, har a 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa, tana tura musu malaman Turanci da lissafi da kimiyya tana biyansu.

A koma kan gwamnati. Da Kwame Nkrumah, wanda shi kansa a Achimota ya sami horon malanta, ya karɓi ragamar gwamnati a 1951, sai ya buɗe ƙofar makaranta gaba ɗaya. Shirin gaggauta ilimi na wannan shekara ya soke kuɗin firamare, dokar 1961 ta mayar da shi tilas. Yaran firamare, da ba su wuce kimanin 150,000 ba a 1951, sun haura miliyan ɗaya kafin a hamɓarar da shi a 1966. Abin lura, wannan ɗan kishin Afirka shi ne ya ture harsunan ƙasa gefe ya sa a koyar da Turanci tun daga ajin farko, domin yana ganin ƙasa mai harsuna da yawa tana bukatar harshe ɗaya da zai haɗa ta, kuma masana'antun da yake mafarki da Turanci za su yi aiki. Bai manta da fasaha ba: Kwalejin Fasaha ta Kumasi ta fara aiki a 1952, aka gina madatsar ruwa ta Akosombo da garin masana'antu na Tema. Sai dai makarantun midil suna fitar da yara fiye da yadda ofisoshi da masana'antu ke iya haɗiyewa. Tun a 1957 aka kafa rundunar magina, wadda daga baya aka sake wa suna rundunar ma'aikata, aka sa wa samari marasa aiki kaki, ana koya musu fareti da noma da gini. Ta ci kuɗi da yawa, amfanin gonarta bai taka kara ya karya ba, 'yan adawa kuma suna kallonta a matsayin 'yan bangar jam'iyya.

A daidai wannan lokaci ne wani masanin zamantakewa na Jami'ar Chicago, Philip Foster, ya yi nazarin makarantun Ghana, ya fitar da sakamakon a 1965. Maganarsa ta girgiza masu tsara ilimi a Afirka baki ɗaya. Ya nuna cewa tun zamanin Basel ake kawo shirin koyar da noma da sana'a a makaranta, kuma kowane shiri irin mutuwar na gabansa yake yi. Dalili, a cewarsa, karatun da ake yi wa gorin cewa na littafi ne kawai shi ne ainihin karatun sana'a a wannan ƙasa, tun da shi ke kai mutum ga aikin da ya fi albashi. Da ya tambayi yaran midil a Accra aikin da suke so, mafi yawansu aikin hannu irin na makanike da lantarki suka ambata, ba akawu ba. Ashe yaran ba ƙyamar guduma suke yi ba. Suna lura ne da inda ake ɗaukar ma'aikata da abin da ake biya. Manhaja ba ta haifar da gurbin aiki, kuma ba ta sauya ra'ayin yaron da ke ganin yayansa ya gama makarantar sana'a yana zaune a gida. Ana iya yi wa Foster gyara a wurare da dama, musamman da yake ya rubuta kafin a gane girman sana'o'in da ba su da rajista, amma babu wanda ya rushe gindin maganarsa.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun ji, ba su ɗauka ba. An kafa cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙasa, NVTI, a 1970 da taimakon Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tana horarwa tana kuma shirya jarrabawar sana'a. Wani gwaji mai ban sha'awa ya zo daga Amurka a 1971, wato OIC, wadda wani fasto baƙar fata, Leon Sullivan, ya fara a 1964 cikin wani tsohon gidan waƙafi a Philadelphia. Sullivan ya taɓa matsa wa kamfanoni lamba su ɗauki baƙaƙen fata aiki, da suka amince sai ya tarar matasan ba su shirya ba. Don haka a tsarinsa ba a fara ba yaro kayan aiki sai ya bi ta wani ajin share fage, inda ake gyara masa Turanci da lissafi, a koya masa zuwa a kan lokaci, da irin shigar da ta dace, da yadda ake amsa tambaya a gaban mai ɗaukar ma'aikata. Bayan horo kuma akwai jami'in da aikinsa shi ne yawo kamfani-kamfani yana nema wa yaran gurbi. A nan aka daina tambayar ko Turanci ko guduma, aka haɗa su a hannu ɗaya. Cibiyoyinta a Accra da Kumasi da Sekondi-Takoradi sun yi tasiri, sai dai yaran da suke iya ɗauka kaɗan ne in an kwatanta da masu bukata.

Sannan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. A ƙarshen shekarun 1970 malaman makaranta suka yi ta tsallakawa Nijeriya, inda kuɗin man fetur ke gudana. Dattawa da yawa a Kano da Sakkwato da Zariya a bakin malamin Ghana suka fara jin Turanci mai kyau. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi, kusan mutum miliyan ɗaya suka komo gida cikin shekarar fari da yunwa. A kan wannan kufai gwamnatin Jerry Rawlings ta gina gyaran ilimi na 1987 da rancen Bankin Duniya. An rage shekarun karatu kafin jami'a daga 17 zuwa 12, aka soke midil, aka kafa ƙaramar sakandare ta shekara uku inda kowane yaro zai taɓa aikin katako ko ƙarfe ko ɗinki ko girki. Mafarkin Guggisberg ne ya dawo da sabuwar riga. An raba akwatunan kayan aiki, amma makarantu da yawa ba su da ɗakin aiki, ba su da malamin da ya taɓa riƙe zarto. Mafi muni, shi kansa Turancin ya lalace: gwajin da aka riƙa yi wa 'yan aji shida a makarantun gwamnati cikin shekarun 1990 ya nuna waɗanda suka ƙware a Turanci ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan ya sa a 2002 aka koma koyarwa da Turanci zalla tun daga aji ɗaya, a 2007 kuma aka sake komawa harshen uwa a ƙananan azuzuwa. Harsuna goma sha ɗaya gwamnati ta amince a yi amfani da su, babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita. Yaron Nima ko zangon Kumasi da ya tashi da Hausa a baki, harshen uwan da ake koya masa a aji Ga ne ko Twi.

Alhali ana wannan kai-kawo, mafi yawan matasan Ghana da suka iya sana'a ba a makarantar gwamnati suka koya ba. A wajen maigida suka koya, kamar yadda kakanninsu suka yi. Misali mafi girma shi ne unguwar Suame da ke Kumasi, wadda ake kira Magazine saboda asalinta kusa da wani tsohon rumbun makaman soja. Dubban garejoji ne da shagunan walda da maƙera da masu sayar da kayan gyara, inda ake iya farfaɗo da motar da ta mutu murus. Uba zai kai yaro, ya biya kuɗin koyo, ya saya masa akwatin sifana. Yaro zai shekara yana share gareji da miƙa kaya kafin a bar shi ya kwance inji, bayan shekara uku ko fiye a yaye shi. Da Twi da Hausa da Turancin buroka ake wannan karatu. Jami'ar Kumasi ta gane darajar wurin, ta buɗe wata cibiyar fasaha a cikinsa a 1980, NVTI kuma ta tanadi jarrabawar gwaji ta aiki da baki, ba rubutu, domin irin waɗannan yara su sami takardar shaida. Amma motar zamani da kwamfuta take tafiya, na'urar gano cutarta da Turanci take magana, kuma kamfanin haƙar zinariya da zai ba da kwangila takarda yake so a cike masa. Turancin da maƙerin Osu ya iya rayuwa ba tare da shi ba ya biyo makaniken Suame har ƙarƙashin mota.

Ƙarni na 21 ya zo da shirye-shirye barkatai. An fara shirin samar wa matasa aiki na ƙasa a 2006, aka sauya masa suna a 2012, binciken 2013 ya bankaɗo almundahana a cikinsa, har kotu ta ɗaure tsohon shugabansa a 2018. An mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i daga 2016, an soke kuɗin babbar sakandare a 2017, an kuma kafa asusun raya zanguna a wannan shekara. Har yanzu yaron da bai ci Turanci da kyau a jarrabawar kammala sakandare ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya fi kowa iya lissafi. Abin da ya sauya shi ne cewa Turancin da ya ishi kakansa zama akawu bai ishe shi ba, ko da ya haɗa da digiri. A 2018 gwamnati ta ɗauki masu digiri da difloma 100,000 cikin shirin NABCO, ta rarraba su makarantu da asibitoci da ofisoshin haraji a kan sidi 700 a wata, da alkawarin cewa cikin shekara uku za su koyi yadda ake aiki su sami na dindindin. An rufe shirin a 2022, da yawa daga cikinsu suna bin gwamnati bashin alawus na watanni, har suka fita zanga-zanga a titunan Accra.